Neman shawara: dasa tsirran Nilu a akwatin gilashi na kifi

Ɗan Mai Wurno ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani aiki da na ƙudurta yi a gida. Ina zaune a Mai Wurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, kuma ina so in haɗa akwatin gilashi na kifin ado, amma ba irin wanda ake cikawa da furannin roba da tsakuwa mai fenti ba. Burina shi ne in dasa tsirrai masu rai, kuma su kasance na ruwanmu, wato waɗanda suke fitowa da kansu a Shuɗin Nilu da magudanan ban ruwa da muke kira tur'a da tafkunan damina. Tsirran da ake shigowa da su daga waje sun yi wuyar samu tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, ban da haka kuma ina son yaran gidanmu su ga abin da ke ƙarƙashin kogin da suka tashi suna gani.

Mai yankan gilashi ya ce zai yi mini akwati mai tsawon santimita 90, faɗi 40, zurfi 45. Abin da ban sani ba shi ne me zan shimfiɗa a ƙasansa, waɗanne tsirrai ne suke yarda da zaman gilashi, kuma wane kifi ne ba zai tumɓuke su ba. Akwai wani tsiro mai yawo a kan ruwa mai fure ruwan malmo, wanda ake kira ward an-Nil, da ya ba ni sha'awa ƙwarai, ina so in ji ko ya dace. Sannan wutar lantarki a wurinmu ba ta da tabbas, shi ya sa nake tsoron in kashe kuɗi a kan abin da zai mutu a bazarar farko. Allah ya saka wa wanda ya ba ni haske da alheri.

Malamin kimiyya mai ritaya, Wad Madani, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Shawarar da ka yanke ta dasa tsirran gida ita ce daidai, kuma dalilin ya wuce maganar tsada. Tsiron da ya rayu a tur'ar Jazira, yankin noman ban ruwa da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, ya riga ya saba da ruwanmu mai ɗan kanwa-kanwa, ya saba da zafin Afrilu da Mayu, ya saba da ruwa ya ƙaru ya ragu, alhali da yawa daga cikin tsirran da 'yan kasuwa suke kawowa an raine su ne a ruwa mai laushi da sanyi, tare da ƙarin iskar kabon da ba ka da hanyar samar musu.

Awon da ka faɗa zai ɗauki lita 162 idan an cika shi fal, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka idan ka haɗa da yashi da nauyin gilashin kansa za ka haura kilo 200. Kada ka ɗora shi a kan teburin shayi. Ka sa maƙeri ya yi maka mazauni na ƙarfe, ko ka gina dakali mai miƙaƙƙen sama, ka shimfiɗa soso ko farin kwalin nan mai laushi da ake tallafe firiji da shi kafin ka aza gilashin. Kaurin gilashin kada ya gaza milimita 8, a kuma sa masa sanda ta gilashi a sama don ta riƙe ɓangarorin. Ka gaya wa mai aikin cewa silikon ɗin da zai liƙa da shi ya zama wanda ba a zuba masa maganin hana funfuna ba, domin irin na banɗaki da madafa yana kashe kifi.

Game da shimfiɗa, ni ina tare da masu sa ƙasa a ƙarƙashi. Laka da Shuɗin Nilu yake kwasowa daga tsaunukan Habasha a lokacin ambaliya, musamman a watan Agusta, ita ce ta ciyar da gonakin bakin kogi tun kafin a gina madatsar Sinnar a 1925, kuma ita ce abincin da saiwar tsirran nan ta sani. Ka ɗebo ta daga gaɓar kogi bayan ruwa ya janye, a wurin da ba a zubar da shara ko fesa maganin ƙwari, ka shanya ta a rana har ta bushe ƙarau, ka daka, ka tankaɗe, ka gauraya ta da yashi rabi da rabi. Ka shimfiɗa kaurin santimita 2 kawai, sannan ka rufe ta da wankakken yashin kogi mai ɗan girman ƙwaya, kaurin santimita 4 zuwa 5. Gaurayawar tana da muhimmanci, domin lakar ƙasar nan tana da danƙo sosai, idan ka sa ta zalla za ta dunƙule ta hana saiwa numfashi, ƙasan akwatin ya yi baƙi ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kada ka ƙara taki na dabbobi ko na zamani a ciki, ko da wani ya ce maka zai sa tsirrai saurin girma; abin da zai girma shi ne gansakuka.

Tsiron da zan fara ba ka shi ne wanda masana suke kira Vallisneria, mai dogayen ganye sirara kamar zare mai faɗi, wanda ake samu a ruwa marar zurfi mai tafiya a hankali. Yana son ruwa irin namu, yana iya ciro kabon ɗin da yake bukata daga gishirin da ke narke a cikinsa, kuma idan ya kama sai ya riƙa miƙa jijiya a kan yashi yana fitar da 'ya'ya har ya cika bayan akwatin. Sharaɗinsa ɗaya ne: ka binne saiwa, ka bar farin gindin da ganye suke fitowa daga gare shi a sarari, in ba haka ba zai ruɓe. Na biyu shi ne Ceratophyllum, mai ganye tsinke-tsinke da suke zagaye kara, wanda ba shi da saiwa sam. Shi ba a dasa shi, ana sakinsa ne ya yi yawo, ko a ɗaure shi a jikin dutse. Saurin girmansa ne amfaninsa, domin yana shanye dattin da ke narke a ruwa kafin gansakuka ta samu. A makon farko yana iya zubar da ganye saboda sauyin wuri, kada hankalinka ya tashi, ka kwashe abin da ya zuba ka bar karan. Akwai kuma dangin Potamogeton da Najas da suka cika ƙananan tur'o'in Jazira har suna hana ruwa isa gonaki. Suna da kyau a ido, sai dai Najas yana karyewa da zarar an taɓa shi.

Sarkin akwatin kuwa bado ne. Mutanenmu sun san shi a matsayin abinci, amma a ƙasashen waje masu wannan sana'a suna sayen kansa da kuɗi. Ka samo ƙaramin kai guda ɗaya tak daga tafki, ka ɗora shi a kan yashi ka danna rabinsa kawai. Zai fara da ganye a ƙarƙashin ruwa, kore ko masu ja-ja, daga baya ya aika dogon kara zuwa sama ya shimfiɗa faffaɗan ganye. Idan kana son ya zauna a dunƙule sai ka riƙa yanke masu hawa sama tun suna ƙanana. Idan kuwa farin furensa kake so, wanda yake buɗewa da dare, dole ka bar masa uku ko huɗu a saman ruwa, ka kuma yarda cewa abin da ke ƙarƙashinsu zai rasa haske. Saiwarsa tana da ƙarfi tana mamaye ƙasa, don haka ya fi kyau ka dasa shi a ƙaramin kasko ka binne kaskon a yashi.

Abin da ya fi kashe wa sababbin shiga kifi shi ne gaggawa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama ammoniya, wadda guba ce, kuma sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun hayayyafa a yashi da soson matata kafin su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda tsirrai suke sha. Wannan yana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Saboda haka ka dasa tsirrai da yawa tun ranar farko, ka ba su haske na awa 6 zuwa 8 a yini, ka bar akwatin babu kifi har wata guda ya wuce. Idan ruwan famfo za ka yi amfani da shi, ka tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ya yini don sinadarin kulorin ya fice.

Ma'aikaciyar lafiya daga Sinja ta amsa:

Ƙanena, duk abin da Baba Malam ya faɗa a kan tsirrai na amince da shi, amma akwai abin da aikina ba zai bar ni in yi shiru a kansa ba, wato tsargiya. Tsirran da aka lissafa maka, musamman masu ganye tsinke-tsinke na cikin tur'a, su ne ainihin matsugunin katantanwar da take ɗauke da cutar. Iri biyu ne suka dame mu a wannan yanki. Bulinus, wadda bakin ƙoƙonta yake buɗewa ta hagu, ita ce take yaɗa tsargiyar mafitsara mai sa fitsarin jini. Biomphalaria kuwa, wadda ƙoƙonta yake a naɗe a kwance, ita take yaɗa ta hanji, mai lalata hanta a hankali. Yawan cutar a Jazira da Manakil yana cikin dalilan da suka sa aka kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu a 1979, kuma har yau ba ta bar ƙauyukan bakin tur'a ba.

Ba sai mutum ya sha ruwan ba. Katantanwar da ta kamu tana sakin ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, su kuma suna huda fata ne su shiga jiki. Ma'ana, ranar da za ka je ɗebo tsirran kana cikin haɗari, sannan idan katantanwa mai cutar ta biyo ganye ta shiga akwatinka, za ta ci gaba da sakin tsutsotsin na tsawon makonni a cikin ɗakin da yara suke tsoma hannu. Ka sa doguwar safar hannu ta roba da takalmin ruwa, ko ka jawo tsiron da ƙugiya kana tsaye a gaɓa. Da ka dawo gida kada ka kai komai kusa da gilashin. Ka zuba su a bokiti daban, ka bi ganye ɗaya-ɗaya ka cire katantanwa, ka kankare ƙwayayenta, waɗanda za ka gani kamar ɗigon majina mai haske a bayan ganye. Masu kiwon kifin ado suna jiƙa tsirrai a ruwan alif, kimanin cokalin cin abinci ɗaya a lita 4, na kwana biyu, sannan su ɗauraye sosai. Ka gwada da 'yan rassa kaɗan tukuna, domin ba kowane tsiro ne yake jure shi ba.

Bayan haka ka bar su a bokitin aƙalla mako biyu zuwa uku kana dubawa kullum. Tsutsotsin da aka riga aka saki a ruwa ba sa wuce kwana biyu zuwa uku idan ba su samu jikin da za su shiga ba, kuma katantanwar da aka ƙyanƙyashe a gidanka daga ƙwai ba ta gadon cutar, sai ta haɗu da ruwan da fitsari ko bayan gidan mai cutar ya shiga. Babbar da ta zo daga tur'a ita ce abin tsoro. Wanda kuma ya san ya shiga irin wannan ruwa, ya je a gwada shi. Maganin Praziquantel yana aiki, amma bai kamata a jira sai an ga jini ba.

Ina da ƙari a kan watan nan da aka ce ka bar akwatin babu kifi. Ruwa mai tsabta da yake tsaye a cikin gida, babu abin da zai cinye tsutsar sauro, gidan haihuwar sauro ne, kuma a lokacin zafi kimanin mako ɗaya ya ishe shi daga ƙwai zuwa tashi. Da zazzaɓin cizon sauro da na dengi da muke fama da su, ban ga dalilin da zai sa mutum ya raini sauro da hannunsa ba. Ka rufe bakin akwatin da bokitan duka da yankin gidan sauro, ka ɗaure gefensa da kyau, har ranar da kifi zai shiga.

Tsohon masunci daga Kosti ya amsa:

Ɗana, wannan ward an-Nil da ya ba ka sha'awa ka fitar da shi daga ranka. Sunan Nilu da aka laƙaba masa bai sa ya zama ɗan gida ba, asalinsa daga Kudancin Amurka yake. A ƙarshen shekarun 1950 ya bayyana a Farin Nilu, kuma cikin ɗan lokaci ya rufe ruwa daga kudu har madatsar Jabal Auliya, ya tare jiragen ruwa, ya toshe bakin famfunan ban ruwa, ya hana mu jefa taru. Gwamnati ta yi shekaru tana feshi, sai daga baya a ƙarshen shekarun 1970 aka kawo wasu ƙwari masu cin sa, sannan aka samu sauƙi. Ko ba don haka ba ma, ba zai yi fure a cikin ɗaki ba, domin rana tsantsa yake so, kuma tsayinsa ya fi ƙarfin akwatinka. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da zai yi maka yawa ka kwashe ka zubar a magudana, ya sami hanyar tur'a. Idan mai yawo a sama kake so, ga kainuwa nan, dashen Allah, wadda kakanninmu suka sani a wannan kogi. Saiwarta da take rataye a ruwa mafaka ce ga ƙananan kifi. Sai dai kada ka bari ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan, kuma kada ka kife ta da murfin gilashi, domin raɓar da take ɗigowa a kan ganyenta tana ruɓar da ita. Duk abin da ka rage daga akwatin, ka shanya shi ya bushe kafin ka zubar.

Allah gafarta Malam, a maganar laka ina da ja. Ban musa cewa tana ciyar da tsiro ba, amma wanda bai taɓa riƙe akwati ba zai riƙa cirewa yana sake dasawa, kuma duk sanda ya ciro saiwa laka za ta biyo ta ta turbune ruwan, irin turɓunewar da take kwanaki ba ta kwanta ba. A ganina ya shimfiɗa yashi zalla, ya murza lakar ƙanana-ƙanana, ya busar, ya cusa ɗaya a ƙarƙashin kowane tsiro mai saiwa. Idan ƙarfinta ya ƙare bayan wasu watanni sai ya ƙara.

Game da kifi, nan ne na fi sani. Karfasa, wadda ake kira bulti a kasuwa, tana da kyau tana ƙarama, amma tana cin ganye, kuma idan lokacin ƙwai ya zo namijin yana haƙa rami a yashi ya watsar da duk abin da ka dasa. Tarwaɗa tana girma fiye da akwatin cikin 'yan watanni, tana haɗiye duk wanda ya shiga bakinta. Ƙurungu yana tono da dare. Minjirya ba abin ajiyewa ba ce a gidan da yara suke. Abin da ya dace da kai shi ne ƙananan kifayen nan masu sheƙin azurfa da suke yawo garke-garke a bakin gaɓa, waɗanda ba sa wuce tsawon yatsa ko sun tsufa. Matsalar ita ce 'ya'yan kawara da na tsage ma haka suke a ido suna ƙanana, saboda haka ka tafi da masuncin garinku ya tantance maka, kada ka dogara da ganinka. Goma zuwa goma sha biyu sun ishe ka, kuma kada ka zuba su rana ɗaya. Ka fara da huɗu ko biyar, bayan mako biyu ka ƙara. Idan kuma kifi guda mai kwarjini kake so, akwai gartsa. Ba ya taɓa ganye, yana hawowa sama ya shaƙi iska, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika damunsa ba, amma yana kai santimita 30, yana cin ƙananan kifi, yana kuma tsallakewa ya fice idan ya ga kafa. Ko shi ko su, ba a haɗa su.

Ka kuma kiyaye inda kake ɗiba. Tafkunan cikin gandun Dindir suna cike da bado, amma wuri ne da doka ta kare tun 1935, ba a cire komai a ciki. A wajen gandun ma ka ɗebi kaɗan, reshe biyar ko shida na kowane iri za su cika maka akwati kafin wata uku.

Ɗan Mai Wurno ya sake rubutawa:

Baba Malam, Yaya, da Baba na Kosti, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na janye maganar ward an-Nil, kuma zan fara da bokiti da gidan sauro kafin gilashi ya iso. A kan shimfiɗa zan bi hanyar yashi da dunƙulen laka, sai dai badon zan sa masa laka a kaskonsa kamar yadda Baba Malam ya ce. Abin da ya rage mini shi ne zafi da wuta. A bazara ɗakinmu yana yin zafi sosai, wuta kuma tana iya ɗaukewa yini guda. Shin dole ne sai na sayi matata da famfon iska, kuma zan iya dogara da hasken taga a maimakon fitila?

Malamin kimiyya mai ritaya ya sake amsawa:

Ɗana, na yarda da gyaran ɗan'uwana na Kosti, hanyarsa ta fi sauƙi ga mai farawa. Maganar zafi kuwa maganar iska ce. Lita ɗaya ta ruwa tana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a digiri 20, amma a digiri 30 abin yana sauka zuwa kusan 7 da rabi, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatarsa. Tsirrai suna ba da oksijin da rana, da dare kuwa su ma shaƙa suke yi, shi ya sa mafi munin lokaci shi ne gab da asuba. Idan ka ga kifi sun taru a sama suna buɗe baki da sassafe, to ruwan ya gaza musu.

Ka ajiye akwatin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da rana take duka da yamma. Ka sami ƙaramar fanka mai aiki da batir ko sola ta riƙa hura saman ruwan, domin tururin da yake tashi yana tafiya da zafi, yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa, kuma a busasshiyar iskar bazara wannan yana rage digiri 2 zuwa 3. Ruwan zai riƙa raguwa da sauri, gishirin cikinsa kuwa ba ya tashi tare da tururi, don haka ƙari kaɗai bai isa ba. Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu ka zuba sabo wanda ya kwana. Kada ka jefa ƙanƙara a ciki, saurin sauyin ya fi zafin illa. A kwanakin tsananin zafi ka rage abinci, abin da za su cinye cikin minti biyu sau ɗaya a yini ya wadatar.

Akwati mai tsirrai da yawa da kifi kaɗan yana iya zama babu babbar matata. Abin da nake so ka saya shi ne ƙaramin famfon iska mai batir a ciki, wanda yake ci gaba da aiki idan wuta ta ɗauke, ka haɗa shi da matatar soso. Idan soson ya yi datti ka matse shi a ruwan da ka zuƙo daga akwatin, ba a ruwan famfo ba, don kada kulorin ya kashe bakteriyar da ka yi wata guda kana jira. Hasken taga yana yi idan rana ba ta faɗowa kai tsaye a kan gilashin. Rana tsantsa za ta dafa ruwan ta kuma mayar da shi kore. Fitilar LED fara mai aiki da sola ta fi tabbas, domin kai ne za ka ƙayyade awanninta. Ranar da habub, wato guguwar ƙura, ya taso ka yafa wa akwatin zane har ƙura ta lafa. Idan ka tara tsirran a bokiti, ka ɗauki hoton kowanne a kan farin faranti ka sa mana a nan, in duba maka su kafin ka dasa.